Jaka a baya, tikiti a waya: daga Paris zuwa Berlin a jirgin ƙasa

Duk wanda Allah ya ba shi bizar Schengen ya shigo Turai, sannan ya ƙare hutunsa yana tsalle daga wannan filin jirgin sama zuwa wancan, ni dai a ganina ya cuci kansa, don ta sama ba abun da za ka gani sai gajimare da layin masu binciken kaya. Jirgin ƙasa shi ne magana. Ka goya jakarka ka shiga tasha a tsakiyar wani gari ka sauka a tsakiyar wani, ba mai ce maka cire bel ko zubar da ruwan hannunka, kana zaune ƙasashe na wucewa ta taga ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tikitin da aka yi musamman saboda irin wannan yawon. In a Turai kake zaune kaman mu ɗalibai masu takardar zama, Interrail za ka saya, tun 1972 ake yinsa, in kuma daga gida ka zo da biza toh Eurail ne naka, duk kusan abu ɗaya ne kuma a ƙasashe 33 yake aiki. Kai za ka zaɓi kwana nawa kake son hawa jirgi a cikin wata ɗaya ko biyu, ranar da ka kunna a manhajar waya ranar duk jirgin da ya maka ka hau har sha biyun dare. Inda gizo ke saƙar shi ne jiragen Faransa masu gudun nan TGV da kuma Eurostar, su dole sai ka kama kujera tun da wuri ka biya kuɗinta daban, kuma na Eurostar ɗin kujerun da suke ware wa masu irin tikitinmu ba su da yawa, da bazara nan da nan suke ƙarewa. A Jamus kuwa jiragensu masu gudu na ICE yawanci shiga kawai za ka yi ka nemi inda ba kowa ka zauna, sai dai ka ɗaga kai ka duba ɗan allon da ke jikin kujerar ko wani ya riga ya kama ta daga wata tasha zuwa wata.

Maganar jaka kuma, don Allah ɗan uwa kar ka cika ta. Duk abun da ka zuba kai za ka hau bene da shi ka sauko da shi. Kaya kala kaɗan, rigar sanyi ɗaya ko da bazara ce don dare na sauyawa, caja, ƙaramar dadduma mai naɗewa, gorar ruwa wadda ita ce butarka, ƙaramin kwaɗo na rufe loka a masauki, sai takalmin da ba ya cin ƙafa. Shikenan.

Daga tashar Gare du Nord ta Paris zuwa Brussels ko awa ɗaya da rabi ba a cikawa. Ina manne da taga ina jiran in ga iyaka, ko shinge ko tuta ko soja, gonaki ne kawai ke wucewa da shanu, can sai ga saƙo ya shigo waya wai ana min maraba da zuwa Beljiyam. Iyakar kenan. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don wannan filin da muke ratsawa sau biyu sojojin Jamus suka bi ta kansa da yaƙi, 1914 da 1940, miliyoyin mutane suka mutu, amma jikokinsu suka zauna a 1985 suka sa hannu a wani ɗan ƙauyen Luxembourg mai suna Schengen, zuwa 1995 aka fara cire shingayen. Sai dai kar wani ya ji haka ya cusa fasfo a ƙasan jaka, tun 2024 Jamus ta tsananta duba masu shigowa ta duk iyakokinta, 'yan sanda kan shigo tarago su nemi takardu, fasfo da katin zama su kasance a aljihu.

A Kolon na sauya jirgi, kuma ko minti talatin ne da kai a tashar nan ka fita waje. Kana fitowa ƙofa babban cocinsu na tsaye a gabanka baƙi ƙirin, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo kafin ka ga ƙarshen hasumiyoyin, mita 157. A 1248 aka fara ginin ba a gama ba sai 1880, wato waɗanda suka haƙa tushe sun san ko jikokin jikokinsu ba za su ga ƙarshensa ba kuma suka haƙa. Bayansa ga kogin Rhine da gadar jirgin ƙasa da masoya suka cika da kwaɗuna. Bonn na nan kudu kaɗan, tafiyar kusan rabin awa, can ne Sashen Hausa na DW yake, muryoyin da muka taso muna ji a rediyon iyayenmu, shi ya sa sunayen garuruwan nan ba su zo min baƙi a kunne ba.

Kolon zuwa Berlin kusan awa huɗu da rabi ne. Nan na yi azahar da la'asar a zaune, ƙasaru da jam'i, ba wanda ya ko kalle ni, wata tsohuwa da ke gefena ma janye jakarta ta yi don in sake. Ana wuce Hannover sai Wolfsburg inda masana'antar Volkswagen take daf da layin dogo da dogayen bututun hayaƙinta guda huɗu, gaba kaɗan kuma a wajen Oebisfelde nan ne tsohuwar iyakar Jamus ta Yamma da ta Gabas, inda a da ake tsayar da jirage a bincike su ciki da waje, yanzu jirgin ko rage gudu ba ya yi, fili ne shimfiɗe da manyan fankokin samar da lantarki suna ta juyawa. Abu ɗaya da zan ja kunne, a can ma jirgi na makara, in za ka sauya daga wani zuwa wani ka bar tazara mai kyau a tsakani.

Babbar tashar Berlin, Hauptbahnhof, a 2006 aka buɗe ta gab da gasar cin kofin duniya, gini ne na gilashi hawa biyar, jirage na wucewa ta can sama wasu na wucewa ta can ƙarƙashin ƙasa, tsakiya kuma shaguna. Kana fita ta ƙofar kudu ga kogin Spree, tsallakensa ga ofishin shugaban gwamnati ga ƙubbar gilashi ta majalisar dokoki. Hawa ƙubbar nan kyauta ne amma sai ka yi rajista tun da wuri kuma ka je da fasfo.

Masaukin 'yan jakar goyo na sauka, irin ɗakin nan mai gadaje hawa biyu da za ka kwana da mutanen da ba ka taɓa gani ba, ɗaya daga Brazil ɗaya daga Koriya, akwai kicin na kowa da kowa, in ka sa abu a firij ka rubuta sunanka a jiki. Mata akwai ɗakin mata zalla a yawancinsu in an nema. Zirga-zirga a cikin gari kuwa ba wuya, akwai na ƙarƙashin ƙasa U-Bahn, akwai S-Bahn, ga bas ga taram, kuma abun mamaki ba ƙofa ba mai gadi, shiga kawai ake yi. Amma fa tikitin takarda dole ka tura shi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali ya buga masa hatimi, in masu dubawa suka shigo, kuma sau da yawa cikin kayan gida suke zuwa, tarar yuro 60 ce ba roƙo ba magiya. Interrail na aiki a S-Bahn amma ba ya aiki a U-Bahn da bas. In kana son ganin girman garin a sauƙaƙe hau S41 ko S42, layi ne da ya zagaye tsakiyar birnin cikin kusan awa ɗaya ya dawo da kai inda ka hau, mutum sama da miliyan 3 da rabi ke zaune a garin nan kuma a wannan zagayen za ka ga kowane iri.

Abinci bai taɓa zame min damuwa ba a Berlin, kuma Turkawa za mu gode wa. Tun yarjejeniyar 1961 da ta kawo su aikin masana'antu suka kafu a unguwannin Kreuzberg da Neukölln, kowace kwana akwai mai döner, biredi a tsage a cusa nama da ganye da miya, guda ɗaya ya riƙe ka tun rana har dare, sai dai ka tambaya ko halal ne kar ka ɗauka duka haka suke. Titin Sonnenallee kuwa Larabci za ka fi ji a kan Jamusanci, 'yan Siriya da Lebanon da Falasɗinu da shagunan kayan zaƙi. Talata da Juma'a kasuwar Turkawa na ci a bakin ruwa a Maybachufer. Juma'a na yi ta a masallacin Şehitlik, mai ƙubba da hasumiya biyu irin ginin Turkawa, a harabarsa akwai maƙabartar Musulmi tun 1866, kuma yana jingine da tsohon filin jirgin saman Tempelhof da aka rufe a 2008 aka bar wa jama'a, yanzu yara ke tuƙa keke a kan titin da jirage ke sauka a da.

A bakin masallacin ina ɗaura takalmi ina waya da gida sai na ji an dafa kafaɗata, wani dattijo ne da farar hula, ya jira na gama ya ce "ɗana, Hausa nake ji haka?" Na ce eh Baba, na durƙusa muka gaisa, ashe mutumin zangon Kumasi ne ya daɗe a Jamus har ya yi jikoki. Ya tambaye ni me da me na gani, na lissafa masa, ya girgiza kai ya ce "ba ka je Wilhelmstraße ba ai ba ka ga abun da ya shafe ka ba tukun." Ya kwatanta min, ya kuma ƙi bari in biya kuɗin shayi.

Kafin in je can bari in faɗi abun da ya sa garin nan ya shiga raina. Berlin ba ta kai Paris kyau ba, ko kusa, wani wurin ma duk rubuce-rubuce ne a bango da gine-gine marasa fasali, amma ban taɓa ganin garin da yake ajiye tabonsa a fili haka ba. Kana tafiya sai ka ga layin duwatsu biyu a jere an dasa a cikin kwalta, ya ratsa titi ya hau gefen hanya ya shige ƙarƙashin wani sabon gini ya ɓullo ta baya, jefi-jefi da ɗan ƙarfe an rubuta Berliner Mauer 1961–1989. Nan katangar da ta raba Berlin ta Gabas da ta Yamma ta bi. Daren 13 ga Agusta 1961 aka fara shinge, mutane suka wayi gari an raba su, kaman a ce ka kwana a Fagge ka tashi an ja waya tsakaninka da Sabon Gari inda shagonka yake da 'yar uwarka da ke aure, kuma a ce shekara 28 za a yi a haka. Tsawonta ya kai kusan kilomita 155 don zagaye Berlin ta Yamma ta yi gaba ɗaya, kuma aƙalla mutum 140 suka rasa rai a dalilinta kafin a buɗe ranar 9 ga Nuwamba 1989.

Kowa East Side Gallery yake rugawa, ragowar katangar mai kilomita 1.3 da masu zane suka ƙawata, wurin hoto ne mai kyau ba laifi. Amma in kana son ka gane abun, Bernauer Straße za ka. A titin nan gidajen na Gabas ne amma gefen hanyar da ke ƙofarsu na Yamma ne, shi ya sa a kwanakin farko mutane suka dinga dirowa ta taga daga bene, 'yan kwana-kwana na Yamma na tare su da shimfiɗa, wasu suka tsira wasu suka mutu, daga baya aka toshe tagogin da bulo. An bar wani yanki yanda yake, katanga biyu ce ashe, tsakaninsu fili da yashi da hasumiyar masu gadi, sannan akwai wani bango na ƙarfe da aka jera hotunan waɗanda suka mutu kowa a ɗan gurbinsa, har da yara. Na daɗe a gaban hotunan nan.

Haka kuma ƙananan faranta na tagulla da ke dashe a ƙofar gidajen waɗanda 'yan Nazi suka kama, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, sai ka sunkuya za ka iya karantawa. A nan wane ya zauna, an haife shi shekara kaza, an kama shi shekara kaza, an kashe shi a sansanin Auschwitz. Wata ƙofar za ka ga huɗu ko biyar a jere suna ɗaya, uba da uwa da 'ya'ya, kuma mutanen da ke zaune a gidan yau kullum sai sun tsallaka su za su je aiki, wasu har goge su suke yi suna ƙyalli. Kusa da ƙofar Brandenburg kuma ga filin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka, tubalan kankare 2,711 a tsakiyar birni inda fili ya fi ko'ina tsada. Ni wannan na girmama shi har zuciya, ba kowace al'umma ke iya nuna laifin kakanninta da yatsa ba.

Toh daga wannan filin tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa inda Baba ya tura ni. Gidajen haya ne dogaye irin na zamanin Jamus ta Gabas, motoci a fake, mutane na wucewa da ledar cefane, sai wani allo a tsaye a gefen hanya da taswirar Afirka a jiki da bayani. A nan fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, take a da, yaƙi ya lalata ta aka rushe, kuma a cikinta ne wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 suna tsara yanda za su ci Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba, har da Amurka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya a zaman, amma ba ɗan Afirka ko ɗaya. Mutane na yawan cewa a teburin nan aka zana iyakokinmu, gaskiyar ita ce ƙa'idojin rabon aka shimfiɗa a nan, maganar kogin Kwango da kogin Kwara da sharaɗin da ƙasa za ta cika kafin ta ce wuri nata ne, zanen ya biyo baya. George Goldie na cikin masu ba tawagar Ingila shawara, kuma kamfaninsa ne ya zama Royal Niger Company a 1886. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, abun da ya haifar da iyakar da ta bar Katsina a nan Maraɗi a can, Illela a nan Birnin Ƙonni a can, Adamawa ma aka tsaga ta Yola ta faɗa hannun Ingila Garwa ta faɗa hannun Jamus.

Gaskiya raina ya sosu a wurin nan. Na shigo garin na ratsa ƙasashe uku ba wanda ya tsayar da jirgi, na ga yanda suka rushe tasu katangar suka mai da ita wurin darasi, ga shi mu layin da aka fara ƙulla maganarsa a wannan titin har yau yana nan daram, a 2019 an rufe shi, a 2023 an sake rufewa, mai kai gero kasuwa da mai zuwa biki gidan ƙanwarsa su ke shan wahalar. Kuma duk faɗin abun da aka yi a nan allo ɗaya ne shaidarsa, na tsaya na kusa rabin awa ban ga mutum uku sun tsaya karantawa ba.

Amma ba zan ce ba a motsi ba. Ka hau U6 ka sauka a Afrikanische Straße a unguwar Wedding, tituna ne da sunan Togo da Kamaru da Gini da sauransu, yawancinsu tun zamanin da Jamus ke taƙama da mulkin mallaka. 'Yan Afirka mazauna garin da masu goya musu baya sun shekara da shekaru suna fafutuka, a 2022 aka cire sunan Gustav Nachtigal daga wani dandali, mutumin da ya je Kukawa wurin Shehun Borno a 1870 sannan ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, aka sa sunan Manga Bell, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914 don ya ƙi yarda a ƙwace filin mutanensa. A 2022 ɗin ce kuma Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagullan Benin da aka wawushe a 1897, sama da 500 a Berlin kaɗai, wasu an mayar wasu na nan a gidan tarihi na Humboldt Forum a matsayin aro. Ka shiga ka gan su, ka karanta yanda suka zo.

Akwai wani kuma da na nema da gangan. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta, a Berlin ya rasu a 1865 kuma kabarinsa na wata tsohuwar maƙabarta a Kreuzberg kusa da Mehringdamm. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda ya ga Landan ya ga Jamus ya kuma ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta, daga baya ya koma ya ƙare rayuwarsa a Kano. Wato kimanin shekara 170 da suka wuce akwai ɗan uwanmu da ya riga mu yawon nan yana kallon Turawa yana faɗin abun da ya gani da bakinsa.

Ƙananan abubuwa kafin in manta. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke sai na manyan tashoshi, ka yi cefane tun Asabar. Gorar roba da gwangwani akwai santi 25 a kansu da ake mayar maka in ka zura a inji a kanti, in ba za ka mayar ba kar ka jefa a bola, ajiye a gefenta ake yi saboda masu tsinta su samu na abinci. Banɗakin tasha na kuɗi ne, ka riƙe 'yan sulalla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare kuma kafin biyar na asuba ta fito, don haka ka nemi jadawalin sallah na masallacin garin ka bi.

Daga Berlin Prag na nufa, awa huɗu da wani abu ta Dresden. In za ka bi hanyar nan kama kujerar hagu, don bayan Dresden jirgin bakin kogin Elbe yake bi tsakanin duwatsu har ya shiga Jamhuriyar Cek, kuma ka tuna can ba yuro suke kashewa ba koruna ce, ka ciri kaɗan a na'urar banki in ka sauka, kar ka canza a wurin masu tsayawa bakin titi.